Ƙafa-uku da kai mai haƙora: abin da mai ɗaukar hoton ƙasa ya kamata ya sani kafin ya zuba kuɗinsa

Duk wanda ya saba duba hotunan da matasanmu ke ɗauka na kogin Isa a Yamai, ko tabkin Madarumfa, ko manyan duwatsun da suka kewaye Damagaram, zai lura da wata ƴar matsala da ke yawan maimaituwa. Hoto ya yi kyau, launin sama ya fito sarai, amma ruwan ya karkata gefe guda kamar zai tsiyaye daga cikin takarda. Wani lokaci kuma kan dutsen ne aka yanke, ko itaciyar da aka so ta tsaya a gefe ta shigo tsakiya ta tare komai. Sau da yawa mai hoton kan ɗora laifin a kan kamara, har ya fara tara kuɗin sayen wata sabuwa, alhali kuwa matsalar tana ƙarƙashin kamarar, wato a ɗan ƙarfen nan da ke haɗa ta da madogararta mai ƙafa uku.

Wannan ƙarfe shi masu sana'ar ke kira kai. A wannan makon za mu duba wani nau'insa da ba a cika gani ba a hannun masu hoto na ƙasarmu, wato kai mai haƙora: yadda yake aiki, inda yake da amfani, inda kuma ba shi da shi, domin mai karatu ya auna da kansa ko ya cancanci kuɗin da ake nema a kansa.

Bambancinsa da kai mai ƙwallo

Mafi yawan ƙafa-uku da ake samu a kasuwa suna zuwa ne da ɗaya daga cikin kai iri biyu. Akwai mai hannaye, wanda ake sassauta kowane hannu a juya kamara sannan a ɗaure. Akwai kuma mai ƙwallo, wanda wata ƙwallon ƙarfe ke zaune cikin kwanonta. Da an sassauta ta sai kamara ta juya ko'ina a lokaci guda, sama da ƙasa, dama da hagu. Saurinsa shi ya sa ya karɓu. To amma saurin nan yana da farashi. Idan mutum ya daidaita komai, saura kawai ya ɗaga gaban kamara kaɗan, da ya sassauta ƙwallon sai sauran saitin duka ya wargaje. Bugu da ƙari, idan gilashin kamarar dogo ne mai nauyi, bayan an ɗaure an saki hannu sai bakinsa ya ɗan sunkuya, musamman a kan ƙwallo mai araha.

Kai mai haƙora ya bi wata hanya daban. Mamurɗai uku gare shi, kowanne da aikinsa: ɗaya na juya kamara dama da hagu, ɗaya na ɗaga bakinta ko sunkuyar da shi, na ukun kuma na kwantar da ita gefe. A cikin kowane mamurɗi akwai sandar ƙarfe mai zare, wadda ke tura wani faifai mai haƙora. Sandar na iya juya faifan, amma faifan ba ya iya juya sandar. Saboda haka duk inda ka tsaya da murɗawa, nan kamara za ta tsaya, babu wani abin da za a sake ɗaurewa. Wanda ya taɓa ganin makaɗan jita na Agadas suna saita tsirkiya ya ga wannan dabara, domin irin ƙarfen ne a kan jitar: ana murɗawa tsirkiya ta ɗaure, kuma jan tsirkiyar ba ya warware shi. Wanda kuma ya yi zamanin neman tasha a gajeren zango ya san daɗin mamurɗin da ke tafiya sannu-sannu har murya ta fito tas.

Lissafin digiri ɗaya

Mai karatu na iya tambaya, shin ɗan sunkuyawar da ido ma ba ya gani har ya kai a yi magana a kansa? Bari mu yi lissafi. A kamarar da idonta na ciki ya kai milimita 36 a faɗi da 24 a tsaye, gilashi mai milimita 24 yana hango kimanin digiri 74 daga hagu zuwa dama. A nan kuskuren digiri ɗaya ba wani abu ba ne. Amma idan aka ɗora gilashi mai milimita 200 domin jawo dutsen da ke nesa, abin da yake gani ya koma kimanin digiri 10 a faɗi da digiri 7 a tsaye. Ke nan sunkuyawar digiri ɗaya ta cinye kashi ɗaya cikin bakwai na tsayin hoton. A gilashi mai milimita 400, abin ya ninka. Ta haka kan dutse ke ɓacewa.

Wasu kan ce ai kwamfuta na miƙar da hoton da ya karkace. Gaskiya ne, amma ba kyauta take yi ba. Idan aka juya hoto domin miƙar da shi, dole a yanke gefunansa huɗu. Karkatar digiri ɗaya tana cin kimanin kashi 5 cikin 100 na hoton, ta digiri biyu kuma kusan kashi 10 cikin 100. Abin da ke gefen nan, ko kwalekwale ne ko rumbu ko reshen gawo, sau da yawa shi ne abin da mai hoton ya tsaya cikin rana yana jira ya shigo.

A kan sanannen kai mai haƙora na Manfrotto 410, juyi ɗaya cikakke na mamurɗi yana motsa kamara kimanin digiri 7. Wato da ɗan taɓi na yatsa biyu ana iya motsa ta ƙasa da rabin digiri, kuma sauran ɓangarorin biyu ba za su gusa ba.

Yadda ake aiki da shi

Aikin yana farawa tun kafin a buɗe ƙafa-uku. Ƙwararru kan zaga wurin da kamara a hannu, su duba ta nan su duba ta can, su durƙusa su miƙe, sai sun sami inda hoton yake sannan su kafa. Wanda ya fara kafawa sannan ya nemi hoto, ƙafa-ukun ce za ta zaɓa masa wuri.

Bayan an sami wuri sai a buɗe ƙafafu, a fara da sassan sama masu kauri, a bar siraran ƙasa sai in an buƙace su. Sandar tsakiya a bar ta a ƙasa, domin da an ɗaga ta kamara ta koma kan ƙafa ɗaya. A kan rairayi a danna kowace ƙafa har ta zauna, ko a sa mata faifan katako ko murfin gwangwani a ƙarƙashi don kada ta riƙa nutsewa ana cikin aiki. Sannan a duba ma'aunin nan mai ɗigon iska cikin ruwa, irin na magina, a daidaita ƙafa-ukun kanta.

Kusa da kowane mamurɗi akwai wani zobe ko maɗanni da ke sakin haƙoran. Da shi ake kai kamara kusa da inda ake so cikin sauri, hannu ɗaya na riƙe da ita, sannan a saki a tabbatar haƙoran sun kama. Daga nan sai aikin sannu. A fara da mamurɗin gefe a miƙar da layin da sama ta haɗu da ƙasa. Yawancin kamarorin yanzu suna nuna wannan ma'auni a allonsu. Sai na sama da ƙasa, a yanke shawarar yawan sararin samaniyar da za a bari. Na dama da hagu shi ne na ƙarshe. Kafin a danna, a bi kusurwoyi huɗu na allon da ido, domin a nan ne leda ko wayar lantarki ke laɓewa.

Sauran ƙa'idojin su ne na kowane hoto a kan ƙafa-uku: a rage ISO zuwa 100, a tsuke ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11, a kashe na'urar hana rawar hannu idan littafin kamarar ya ce a yi haka, a kuma sa agogon daƙiƙa 2 domin kada dannawar yatsa ta girgiza kamara. In ana iska, a rataya jaka a ƙugiyar tsakiya, amma a bar gindinta ya taɓa ƙasa don kada ta riƙa lilo.

Ga mai son haɗa hotuna da yawa su zama dogon hoto ɗaya, kamar jerin tsaunukan Bagzan ko faɗin fadamar gulbin Maradi, akwai abin kiyayewa. A mafi yawan irin waɗannan kawuna, majuyin dama da hagu yana can ƙasa ne. In ƙafa-ukun ba ta daidaita ba, ko an miƙar da hoton farko, na biyu da na uku za su riƙa gangarawa kamar matakala. A daidaita ƙafafu tukuna, kuma kowane hoto ya hau kan na bayansa da kimanin kashi ɗaya cikin uku.

Ranarmu ba ta jira

Babban ƙorafin da ake yi a kan kai mai haƙora shi ne jinkiri, kuma ƙorafin yana da tushe, balle a ƙasarmu. Maradi da Damagaram da Yamai duk suna tsakanin digiri 13 da 14 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana tana faɗuwa kusan a miƙe. Daga lokacin da haske ya yi ja zuwa faɗuwarta bai fi minti 25 ba, hasken da ke saura bayan ta faɗi shi ma bai kai rabin awa ba. A birnin Faris kuwa, a watan Yuni, hasken bayan faɗuwar rana kan kai minti 40. A lokacin hazo ma rana kan ɓace cikin ƙura tun ba ta kai ƙasa ba.

Maganin wannan shi ne sammako da zuwa da wuri. Mai hoto ya isa wurin awa ɗaya kafin lokaci, ya saita komai, ya zauna yana jira. Da zarar haske ya zo, abin da ya rage ɗan gyara ne, kuma a nan ne mamurɗi ya fi ƙwallo sauri. Wata, alal misali, faɗinsa rabin digiri ne, kuma cikin kimanin minti 2 yake gusawa gwargwadon faɗin nasa. Mai son ya ajiye wata a kan hasumiya ko a tsakanin duwatsu biyu zai riƙa binsa da ɗan murɗi kaɗan-kaɗan, ba tare da ya taɓa sauran saitin ba.

Tarihin sana'ar ya nuna yadda daƙiƙoƙi ke da tsada. A shekarar 1941, Ansel Adams, shahararren mai hoton ƙasa na Amurka, ya tsaya a bakin hanya kusa da ƙauyen Hernandez ya ɗauki wata yana fitowa a kan maƙabarta. Hoto ɗaya ya samu. Kafin ya ɗauki na biyu hasken rana ya bar wurin. Hoton nan ɗaya ya zama cikin mafi shahara a aikinsa.

Inda bai dace ba

Kowane kayan aiki da muhallinsa. Kai mai haƙora ba zai bi raƙuman dawa suna tafiya ba, ko tsuntsu a tabkin Tabalak, ko ƴan kokowa a fili, ko tseren raƙuma a bikin Ingal. Ga bidiyo ma bai dace ba, domin masu bidiyo suna da nasu kai mai motsi sumul. Haka kuma yana da nauyi. Manfrotto 410 ya haura kilo 1 shi kaɗai, yana ɗaukar kayan da suka kai kilo 5. Yayansa 405 ya haura kilo ɗaya da rabi. Wanda zai hau dutse da ƙafa, da ruwan sha a baya, zai ji wannan nauyi a kafaɗarsa. Kamfanin Benro na ƙasar Sin yana yin wani mai suna GD3WH wanda bai kai kilo 1 ba.

Wata iyakar kuma ita ce ɗaga baki sama. A 410, kamara na iya sunkuyawa har digiri 90, amma ɗagawa ba ta wuce digiri 30. Masu son taurari kan ɗaura kamarar ta baya domin su juya iyakar. Ga gini mai tsawo kuwa, kamar hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27, ɗaga baki sosai yana sa ginin ya yi kamar zai faɗi baya. Abin da ya fi shi ne a ja da baya, a bar kamara a miƙe, a yi amfani da gilashi mai ɗan tsawo.

Ƙura, zafi da babur

An ƙera waɗannan kawuna a ƙasashen da ba su san hazo irin namu ba. Haƙoran suna aiki ne da giris, giris kuwa abokin ƙura ne. In rairayi ya shiga ya cakuɗa da shi, sai ya riƙa cin ƙarfe a hankali har mamurɗi ya fara yin lako-lako, kuma kai mai haƙoran da ke girgiza ya rasa dalilin da aka saye shi. Saboda haka a ɗinka masa jakar ƙyalle mai zariya, a rufe shi duk lokacin da ba a aiki. Bayan an dawo a share shi da busasshen buroshi mai taushi. Kada a ɗiga masa man inji ko man keken ɗinki, domin ƙarin ƙura zai jawo. In mamurɗi ya cije, kada a yi masa ƙarfi.

Kada a saɓa ƙafa-uku a kafaɗa da kamara a kanta ana tafiya, domin kowane taku yana bugun haƙoran. A kan babur a kwance kan, a naɗe shi da zane a sa cikin jaka. A watannin Afrilu da Mayu kuma, baƙin ƙarfen da aka bari cikin rana yana ƙona hannu. Ƙyalle fari a kansa ya wadatar.

Kuɗinsa da abin dubawa

Manfrotto kamfanin Italiya ne, wanda wani mai hoto, Lino Manfrotto, ya kafa a garin Bassano del Grappa. Sabon 410 a kasuwannin Turai yana haura Yuro 200, wato sama da jika 130 na Sefa, ban da kuɗin aikowa da na duwan. Na ƙoli a wannan fanni, Cube na kamfanin Arca-Swiss, ya zarce Yuro 1,000, sama da jika 655 ke nan. Ga wanda hoton biki da na katin ɗan ƙasa ke ciyar da gidansa, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma aikinsa na yau da kullum ba ya buƙatarsa.

Wanda ya ga aikinsa na buƙata ya kiyaye abu uku. Na farko, ƙafafun su fi muhimmanci: kai mai tsada a kan ƙafa-uku mai rawa asara ce, gara a fara da ƙafafu masu ƙwari. Na biyu, zaren ƙusa. Kai yana hawa kan ƙafa-uku da ƙusa mai kashi 3 cikin 8 na inci, kamara kuma da mai kashi 1 cikin 4, sannan farantin da ake ɗaurawa a gindin kamara ba iri ɗaya ba ne: na 410 daban yake da samfurin Arca da kamfanoni da dama ke bi. Kan da aka sayar ba tare da farantinsa ba wahala ce. Na uku, in na hannu ne, a ɗora masa kamara mai nauyi, a murɗa kowane mamurɗi gaba da baya, a kuma taɓa bakin gilashi a ga ko yana girgiza. Araha ba ta ado.

Hoto a matsayin shaida

Me ya sa jarida za ta ba da wannan fili ga ƙarfen da ƙalilan za su saya? Dalili shi ne hoton ƙasa ya wuce ado na kalanda. Tun daga shekarun 1980 manoman jahohin Maradi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, suna barin kututturan itace su sake tofowa a gonakinsu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa aikin ya shafi kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Abin da ya gamsar da duniya shi ne hotuna: masanin Amurka Gray Tappan da abokan aikinsa sun jera hotunan sama na ƙauyuka irin su Galma, na 1975 da na 2003, kowa ya ga bambanci da idonsa. Gani ya kori ji.

Waɗancan daga jirgin sama da tauraron ɗan Adam aka ɗauke su, amma ana iya yin irin aikin daga ƙasa. Mai hoto ya zaɓi wuri, ya kafa alama, ya rubuta tsayin kamara da tsawon gilashi da lokaci, ya riƙa dawowa kowace damana da kowane rani. Domin hotunan su zama hujja, dole dutsen da ke kusurwar hagu a bara ya kasance a kusurwar hagu a bana. Wannan daidaitawa, da tsohon hoto a hannu ɗaya da mamurɗi a ɗaya hannun, ita ce aikin da kai mai haƙora ya fi kowanne iyawa. Da haka za a iya nuna yadda zaizayar ƙasa ke cin gona, ko yadda tudun rairayi ke matsowa gari, ko yadda tabki ke ja da baya.

Abubuwan da muke ganin za su dawwama ma suna tafiya. Itaciyar Tenere, wadda ta yi shekaru tana tsaye ita kaɗai a hamada, mota ta kayar da ita a 1973. Gawarta na gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19. Yau duk mai son sanin yadda suke a tsaye, hoto zai nema, kuma hoton da aka ɗauka a miƙe, ba a yanke masa kai ba, shi zai fi amfani ga magini da ɗalibi.

Sai dai a tafi da hankali. Tsaunukan Ayar da Tenere, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1991, da gandun dajin W da ya shiga a 1996, wurare ne da ke jan ran kowane mai hoto, amma matsalar tsaro ta shafi yankuna da dama. Harin Kure na watan Agusta 2020 ya ci rayukan mutum 8. A tuntuɓi hukuma kafin a kama hanya, a gaida mai gari a nemi izini kafin a kafa ƙafa-uku a gonar mutane, a kuma nisanci barikin soja da filin jirgin sama.

Wanda bai da halin tafiya nesa ko sayen sabon kai, bai rasa abin yi ba. Ko da kai mai hannaye, ana iya bin tsari ɗaya: a daidaita ƙafafu, a gyara ɓangare ɗaya a lokaci guda, a duba kusurwoyi huɗu. A bayan kowane gari namu akwai gawo, ko fadama, ko tsohuwar ganuwa da ba wanda ya ajiye hotonta na bana. Daga nan ya kamata a fara.